Mma Lami da Hannun Hagun Fu'ad

A unguwar Maamobi ta Accra idan aka ce Mma Lami, ba a tambayar wace. Akwai Lami mai sabulu, akwai Lami mai waakye, wato shinkafa da wake, ta bakin titi, amma su sai an haɗa da sana'arsu ake gane su. Mma Lami ita ce alwanka, matar da ake damƙa wa amarya idan makon biki ya kama. Ita ke sa mata lalle, ita ke yi mata wanka, ita kuma ke zaunar da ita a ɗaki ta koya mata yadda ake durƙusa wa surukai, da yadda ake miƙa ruwa, da lokacin da ya kamata mace ta yi kamar ba ta ji abin da aka faɗa ba. Amaren yanzu da yawa sun yi jami'a, wasu ma'aikatan asibiti ne, wasu na banki. Duk da haka sukan zauna a tabarma su saurare ta, domin iyayensu mata na bakin ƙofa.

An haife ta a Accra New Town tun tsofaffi na kiran unguwar Lagos Town, kuma har yau haka take kiranta. Mahaifinta mutumin Nijar ne, ya zo da shanu ya zauna. Mahaifiyarta daga Tamale take. A wajen uban ta ɗauki Hausa mai cika baki, irin wadda idan ta buɗe baki a taron mata ake yin shiru, ba don an gane kowace kalma ba, sai don ana jin nauyinta. Ta auri direban babbar mota da ke lodi a Tudu, suka yi zama mai tsawo Allah bai ba su haihuwa ba, sannan ya rasu ya bar ta a ɗaki da falo a wani gidan haya mai yawan ƙofofi da famfo ɗaya. Da safe tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gidan. Da wannan take ci. Alwankanci kuwa shi ne sunanta, kuma ta fi kula da sunan.

Sana'ar ba ta da shago, ba ta da allo, ba a tallarta. Uwar amarya ce ke zama ta yi tunanin wadda za ta ba 'yarta, sai ta duba waɗanda suka fito daga hannun matar, yadda suke gaisuwa, yadda suke zama cikin mutane. Mma Lami tana da shaida guda da ta fi dukan amarenta, shi ne Fu'ad.

Ɗan ƙanwarta ne. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, Mma Lami ta ɗauke shi ta goya. Da ya fara kai hannu kwano aka ga bahago ne. A Accra wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bahaushe da 'yan ƙabilun Ga da Asante da Ewe ba su cika yarda da juna a kan komai ba, amma sun haɗu a kan cewa ba a ci da hagu, ba a karɓa da hagu, ba a nuna mutum da hagu, balle babba. Ta yi shekaru tana cire cokali daga wannan hannu tana mayarwa wancan. Ba ta dake shi ba ko sau ɗaya, kallo ya isa. Ya girma ya zama mai tsaron gida a wata babbar ƙungiyar ƙwallo, inda ake so ya yi aiki da hannayen biyu, ita kuwa ta ɗauki wannan a kan lalurar aiki. Abin da ya dame ta shi ne yadda zai karɓi kofi idan an miƙa masa a gaban jama'a. Da dama yake karɓa, hagun na tallafe da ita, kansa a ɗan sunkuye. Matan Maamobi sun lura. "Goyon Mma Lami ke nan," in ji su, kuma maganar ta kawo mata biki fiye da yadda shi ya sani.

Gwiwa ta sa ya bar ƙwallo, ya koma sharhi a rediyo. Ana nan sai wani gidan talabijin ya fito da sabuwar gasa. Aka tara sanannun mutane, da 'yar wasan kwaikwayo, da mawaƙiyar coci, da mai karanta labarai, da wani mai ba da dariya, da wasu, da Fu'ad, aka ce kowa zai koyi jagorantar makaɗa irin na Turawa. Su ne masu zama a kujeru da baƙaƙen kaya, da gogensu ƙanana da manya, da sarewa, da ƙahonin tagulla, kowa da takarda a gabansa. Jagoran ba ya kaɗa komai. Tsayawa yake a gabansu da 'yar siririyar sanda yana motsa hannu. Shirin na da sunansa na Turanci, amma a unguwannin Nima da Maamobi Wasan Sanda ake ce masa. Ran Lahadi bayan la'asar ake nunawa, kuma duk mako ana sallamar mutum ɗaya.

Wasiu tela, wanda ke haya a ɗakin ƙofar gida, shi ke da babbar talabijin. Lahadin farko ya fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan teburin yankan yadi. Mata suka shimfiɗa tabarmi, maza suka jingina da bango. Aka ba Mma Lami kujerar roba a gaba, kamar yadda ya dace da uwar mai wasa.

Mutum biyu suka fara kafin Fu'ad, aka yi ta ra'ayi a kansu.

"Chale, wannan aikin ni ma zan iya," in ji Wasiu. "Ba mai kallonsa. Kowa takardarsa yake kallo."

"To me ya sa ba wanda ke rawa?" Hamdia ce ta tambaya, maƙwabciyar Mma Lami, wadda ƙofarta ke kallon tata. "Mutuwa aka yi?"

"Haka suke jin daɗinsu. A ciki suke rawar."

Sai ga Fu'ad da baƙar kwat. Tsakar gida ta ɗauki tafi. Ya ɗan rusuna wa masu kallo, cikinsu har da dattawa a layin gaba da wani basarake da zanen kente a kafaɗa, sannan ya juya musu baya gaba ɗaya. Tafin ya ragu. Ya ɗaga sanda a kan mutanen da rabinsu sun haife shi. Mma Lami ta gyara zaman mayafinta. Kiɗa ya tashi a hankali, ya yi tafiya kaɗan, sai hannun hagun Fu'ad ya fito daga gefensa, ya miƙe, yatsa ɗaya a gaba, ya nufi wani tsoho mai farin gashi da ke riƙe da sarewa. Tsohon ya busa. Masu ɗaukar hoto suka ga abin ya yi kyau, suka maimaita shi a hankali bayan an gama, daga kusa.

Hamdia ta sunkuyo. "Mma, hagu ne, ko talabijin ce ke juya hoto?"

"Madubi ke juyawa," in ji Wasiu. "Talabijin ba ta juyawa."

Alƙalan gasar su uku ne, kuma dukansu sun yaba. Wata mai tabarau a cikinsu ta ce ba ta taɓa ganin sabon shiga mai hannun hagu irin wannan ba, hannun magana yake yi. Wasiu ya fassara wa kowa maganar kalma kalma, ko da yake ba wanda ya nema.

Mako ya cika da zancen. A majalisun da samari ke dafa shayin ataya, da cikin motocin haya na trotro, da shirin Hausa na rediyo inda ake buga waya, kowa ya faɗi nasa. Wasu suka ce wannan ba aiki ba ne, makaɗan ya kamata a ba kyautar. Wani dattijo ya kira ya ce shi bai ga wanda ya tashi ya yi wa masu goge liƙi ba, kuma taron da ba a yi wa makaɗi liƙi taron marowata ne. Matasa suka ce ɗan zango, ɗan unguwannin Hausawa, ya shiga inda ba a taɓa ganin ɗan zango ba, a bar shi ya sha iska. Laifuffukan da aka lissafa uku ne, baya da sanda da hagu. An yafe bayan da wuri, bayan Wasiu ya tuna wa mutane cewa direban trotro ma baya yake ba fasinja kuma ba wanda ya taɓa jin haushi. An yafe sandar saboda ko akuya ba za ta ji ta ba. Hagun ne ya ƙi tafiya.

Lahadi ta biyu Fu'ad ya sake nuna tsohon, ya ƙara da wata mata mai babban goge. Mma Lami ta kalla fuska a ɗaure. Amma akwai wani wuri a tsakiyar kiɗan da ya buɗe tafin hannun yana ɗaga shi sannu sannu, kiɗan kuma ya biyo hannun yana cika, har ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta duba fuskarsa, ta ga irin fuskar da yake yi yana yaro idan ya kama ƙwallo a lungu. Ta mayar da idonta kan tabarma.

A wannan lokacin akwai bikin da duk unguwa ke jira. Hajiya Salimatu, babbar mai atamfa a Kasuwar Makola, za ta aurar da autarta Ruhaina, ma'aikaciyar jinya. Mma Lami ce ta yi wa yayyenta duka, kuma ba wanda ya yi tunanin wata. Al'adar ita ce uwar amarya ta aiko da goro a ganye, alwanka ta karɓa, magana ta tabbata. Lokacin aiko goro ya yi, ya ɗan wuce. Idan gida irin na Hajiya Salimatu ya kai 'yarsa wani wuri, sauran gidaje ba sa tambayar dalili, bi suke yi. Mma Lami ta san wannan, domin ta haka ita ma ta karɓi aikin daga hannun wadda ta gabace ta.

Wata safiya Hajiya Salimatu ta tsayar da tasi a gaban tukunyar koko, abin da ba ta saba ba. Suka gaisa, suka tambayi gida da kasuwa da ƙafa da hawan jini.

"Na ga ɗanmu a talabijin," in ji Hajiya.

"Kin gan shi."

"Ya yi kyau paa. Kwat ɗin ta zauna masa."

"Allah ya sa albarka."

Hajiya ta karɓi ƙosai ta riƙe ba ta ci ba. "Kin san dangin mijin Ruhaina mutanen Kumasi ne, da lura. Uwar angon ce ta kira ni, wai wannan mai nuna tsoho a gaban duniya, ba goyon alwankarku ba ne?"

"Me kika ce mata?"

"Na ce layin ba kyau, zan kira ta."

Ta biya kuɗin ƙosai, ta shiga tasi. Ba ta ambaci goro ba.

Ran Juma'a bayan masallaci Fu'ad ya zo, don Mma Lami ta sa an kira shi. Ya bar motarsa a bakin titi, ya bi lungu yana tsallake kwata yana amsa gaisuwa. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki kamar kullum. Ta zuba masa tuwo da miyar ayoyo, ta bari ya yi nisa da ci.

"Tsohon nan mai sarewa. Zai haife ka?"

"Zai haife ni, Mma."

"Ka gaishe shi kafin ka fara?"

"Sun fi hamsin. In na bi su ɗaya ɗaya magariba za ta same mu."

"Amma ka sami lokacin nuna shi."

Ya ajiye loma, ya yi mata bayani a natse. Dama ce ke riƙe da lokaci, ba ta tsayawa. Hagu ce ke gaya wa kowa inda zai shigo, da wanda zai ɗaga, da wanda zai sassauta. Kuma ƙa'idar gasar ita ce makaɗan su bi abin da aka nuna musu kawai, ko da sun san daidai. Tsohon da kansa jiran yatsan yake, in bai gani ba ba zai busa ba.

"Wato shi ya ce ka nuna shi da hagu."

"Aikin ne ya ce."

"Uwar angon Ruhaina ba ta san aikin ba. Ni ta sani."

Ta gaya masa maganar goro a taƙaice, ba ta roƙe shi komai ba, ba ta kuma umarce shi ba. Ya ɗago kai daga kwano.

"Mma, ina son abin nan," ya ce. "Tun da na bar raga ban sami abin da na tashi da safe ina ɗokinsa ba sai shi. In na wuce wannan makon, saura kaɗan."

"Na gani a fuskarka."

"To?"

"To ci tuwonka, zai huce."

Lahadi ta uku tsakar gida ta cika har zaure. Hajiya Salimatu ba ta zo ba, amma an san tana da talabijin. Fu'ad ya fito, ya rusuna wa masu kallo, sannan maimakon ya hau wurin tsayawarsa sai ya ratsa tsakanin kujerun makaɗa har wajen tsohon, ya sunkuya ya gaishe shi da hannu biyu. Tsohon ya yi mamaki, ya miƙe rabi ya amsa. Fu'ad ya dawo ya ɗaga sanda da dama, ya kai hagunsa baya ya kama ɗamarar wandonsa, ya riƙe.

"Yauwa," in ji Hamdia.

Farkon kiɗan ya tafi lafiya. Sai aka zo inda masu goge ke yin ƙasa su bar wa sarewa fili. Tsohon ya kai sarewa baki, ya ɗago ido. Fu'ad ya sunkuyar masa da kai cikin ladabi, irin yadda ake ce wa babba bismilla. Tsohon, wanda bai manta gaisuwar ɗazu ba, shi ma ya sunkuyar da nasa kan, ya ci gaba da jira. Aka yi shiru a talabijin, irin shirun da ba a shirya ba. Da tsohon ya gane ya shigo a makare, masu ƙaho suka shigo a kansa, mai ganga ya bi masu ƙaho, masu goge suka rabu biyu. Mma Lami ba ta san kiɗan Turawa ba, amma ta san yadda taro ke yi idan an rasa mai cewa yanzu. Ta ga kafaɗar Fu'ad ta hagu tana motsi a ƙarƙashin kwat, hannun kuwa bai saki ɗamara ba har aka gama.

"Yau kiɗan ya fi armashi," in ji Wasiu. "Kowa ya sa baki."

Alƙaliya mai tabarau ta tambayi Fu'ad ko ciwo ya ji a hannu. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce to ina hannun makon jiya? Ya ce yana nan, yana gaishe ta. Makinsa ya zo ƙasa, shi da mai ba da dariya, kuma bisa ƙa'ida makaɗan ne ke zaɓen wanda zai zauna a cikin biyun, ta hanyar ɗaga hannu. Aka kira sunan Fu'ad, hannaye kaɗan suka tashi. Aka kira mai ba da dariya, suka tashi da yawa. Hoto ya tsaya a kan tsohon. Sarewarsa na hannun dama, saboda haka ɗayan ya ɗaga.

Hamdia ce ta fara gani. "Mma, duba. Hagu ya ɗaga."

Kowa a tsakar gida ya fara magana lokaci ɗaya. Ashe tsohon ma ba shi da tarbiyya. Yaro ya bar wurinsa ya je ya gaishe shi da hannu biyu, shi kuma ya kore shi da hagu, da furfurarsa. Wata ta ce daga ganinsa ba alwanka ce ta yi wa uwarsa wanka ba. Kafin a kira magariba hukunci ya fita daga gidan ya kai Nima: an cire Fu'ad ne saboda ya fi su ladabi. Washegari masu kiran rediyo suka tabbatar. Dattijon da ya yi maganar liƙi ya sake kira ya ce shi tun farko bai yarda da mutanen ba.

Ran Talata goro ya iso, a ganye, da saƙon cewa uwar ango na gaida Mma Lami ta musamman.

Fu'ad ya sake zuwa ran Juma'a. Daga bakin titi zuwa ƙofar gida an tsayar da shi a kowace majalisa ana taya shi murna, shi kuma yana godiya. Wasiu ya fito da almakashi a hannu ya ce masa ya fitar da zango kunya. A ɗaki Mma Lami ta zuba masa tuwo, ta ƙara nama fiye da na kullum.

"Tsohon ya ce wani abu?"

"Ya same ni a baya. Ya ce shekara da shekaru yana busa, ba jagoran da ya taɓa zuwa ya gaishe shi. Ya ce ya ji daɗi ƙwarai."

"Shi ya sa ya kore ka."

"Ya ce gaisuwa daban, aiki daban."

"Baɗi za su sake yi?"

"Za su yi. Amma wanda aka cire ba ya komawa."

Ta tura masa kofin ruwa kusa. Ya ci, ya wanke hannu, ya tambaye ta ko tana bukatar mota ranar kai amarya, ta ce Hajiya ta tanadi motoci.

Bikin Ruhaina ya yi kyau. Mutanen Kumasi sun zo da lurarsu, sun duba durƙuson amarya da miƙa ruwanta, ba su sami abin faɗa ba. Kafin a watse, mata biyu masu 'yan mata sun ja Mma Lami gefe sun tambaye ta yadda watan gobe yake a wajenta.

Wasan Sanda kuwa ya ci gaba ba Fu'ad, mutanen gidan suka daina taruwa. Wasiu ya so ya bar talabijin a ɗaki, amma duk Lahadi bayan la'asar sai Mma Lami ta aika a ce ya fito da ita. Takan zauna a kujerar roba, wani lokacin ita kaɗai, ta kalla daga farko har ƙarshe, har ranar da mawaƙiyar coci ta ɗauki kyautar. Hamdia ta tambaye ta me take nema a ciki tunda ba nata. Ta ce tarbiyyar 'ya'yan mutane take dubawa.